Ba Ke Kika Ɗauki Hoton Ba, Dakta Vernice

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na wannan shekara ta 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Dakta Vernice Tolliver rasuwa a asibitin garinmu, tana da shekara hamsin da tara. Ina cikin goge daɓen ɗakin cin abinci na kwaleji matata Mozelle ta kira ni a waya ta gaya mini. Na kife bokiti na zauna a kai. Ya kamata in ce baƙin ciki ne ya fara zuwa mini, amma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Tsoro ne ya riga shi.

Sunana Cleophus Gaddis. Shekarata saba'in da biyu, talatin da huɗu daga ciki ina shara da goge-goge a kwalejin gwamnati ta garin nan namu na Alabama. Ina aji uku aka cire ni daga makaranta aka kai ni gonar auduga. Duk harafin da ke cikin takardar nan ita ta koya mini shi, don haka wanda ya ga kuskure ya ɗora mini, ita ta yi iyakar ƙoƙarinta da wannan busasshen kai.

Dakta, ranar jana'izarki a coci minti biyu aka ba kowa ya yi magana. Ban gama gyaran murya ba Dikin Purifoy, dattijon cocinmu, ya fara jan gefen kwat ɗina. Shi da bai taɓa taka ofishinki ba, ya yi minti goma sha biyar ba wanda ya ja masa riga. Na riƙe wannan. Sannan aka karanta takardar ta'aziyyar da kwaleji ta aiko, wai kin yi hidima "a fannoni daban-daban". Shekara ashirin da biyu kina ofis ɗaya, amma suka kasa faɗin sunansa a gaban gawarki. To ni zan faɗa. Sunansa Ofishin Daidaito da Damawa da Kowa. Na san shi harafi-harafi, don ni na kankare shi daga jikin ƙofa.

Lokacin da kika zo aiki, ta ƙofar baya nake shiga ginin, wajen kwandunan shara. Ba wanda ya ce in yi haka. Dokar da ta hana baƙar fata ƙofar gaba ta daɗe da mutuwa, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kika tsare ni wata safiya kika ce, "Baba Cleophus, ƙofar gaban nan cizo take yi?" Na ce, "'Yata, ki kula da takardunki, ni in kula da ƙafafuna." Kika ce, "Taurin kai kamar alfadarin kakana." Na ce ai alfadarin ne ya ciyar da gidanku. Haka muka fara. Shekara ashirin da biyu kina yi mini wannan tsiya, ban taɓa bi ta gaba ba ko sau ɗaya.

A shekararki ta biyu kika tono wani hoto daga tsohuwar jarida, kika sa aka faɗaɗa shi, aka yi masa katako da gilashi, aka rataye a zauren shiga. Ɗalibai bakwai ne baƙar fata, na farko da suka shiga kwalejin a 1966, suna hawa matakala tsakanin 'yan sanda. Na zo da tsintsiya na ɗaga kai, sai ga yayata Earline, ta uku daga hagu, da rigar da mahaifiyarmu ta ɗinka mata. Ta rasu tun 1998, ba mu da hotonta na ƙuruciya ko ɗaya. Akwai rubutu a ƙasa. Na daɗe a tsaye, sai na ji ki a bayana. Na ce, "Wanne ne a cikin nan ya ce Earline?" Ba ki yi mamaki ba, ba ki kuma yi mini kallon tausayi ba, da kin yi da na daina gaishe ki. Kika kama yatsana kika ɗora a kan sunan. Kika ce, "Gobe da azahar, ka zo da abincinka. Kada ka zo mini da gardama."

Na zo da duka biyun. Mu biyar ne masu shara a ajin koyon karatun da kika buɗe mana, har da Bature ɗaya, Lonnie, wanda shi ma bai iya karatu ba, yana ɓoyewa da cewa ya manta tabarau. Masu cewa ofishinki na baƙaƙe ne kawai su je su tambayi Lonnie. Su tambayi tsohon sojan nan mai keken guragu da kika yi wata takwas kina rigima sai da aka yi masa gangara a ƙofar ɗakin karatu. Ni na share ƙurar simintin, na sani.

Bara majalisar jiha ta yi doka cewa a rufe irin ofishinki a duk makarantun gwamnati. Sun ce raba kan mutane yake yi. Ni ban yi boko ba, ban san me ya rabu ba. Abin da na gani shi ne maigidana a wajen aiki, Mista Hembree, ya miƙo mini reza da takarda a watan Yuli, bai iya kallon idona ba. Na tsaya a ƙofarki ina kankare haruffan da kika koya mini ɗaya bayan ɗaya. Kika fito da kofin shayi mai ƙanƙara kika miƙo mini, kika ce, "Yi a hankali, Baba, kada ka karce gilashin, kayan gwamnati ne." Kika yi dariya. Ni ban yi ba. Har yau ina jin haushin wannan dariyar, da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Takardar ta ce a sauke duk abin da ke bangon zauren, a kai ɗakin ƙasa har sai lauyoyi sun duba. Lauyoyi ba su san ɗakin ƙasa ba, ni na san shi. Duk shekara in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika har gwiwa, ni nake kwashewa. Duk abin da aka ajiye a can, wata shida ya zama fura. Na kai sauran kayan. Hoton kuwa na naɗe shi da baƙar ledar shara, na sa a ƙasan amalankena, na fita da shi ta ƙofar baya, ƙofar da ba wanda ya taɓa kallon mai bi ta cikinta.

Bayan Kirsimeti wani ya kai ƙara. Yanzu haka ake yi a wajenmu, kowa na iya rubuta sunan kowa ba tare da ya sa nasa ba. Aka ce kayan gwamnati ya ɓace daga rufaffen ofis. Shugabannin kwaleji suka kira ki, lokacin an mayar da ke wani lungu kina jera fayil, ciwon da ya zama ajalinki kuma ya fara cin ki. Kika ce musu, "Yana wajena. Mai so ya rubuto mini wasiƙa." Ban taɓa gaya miki ni na ɗauka ba. Da muka haɗu a matakala kika rage murya kika ce, "Ina fata dai inda ka sa Earline ba ya yoyo." Na ce ban san me kike nufi ba. Kika ce, "Ƙaryarka ma ta tsufa, Baba, ta fi ka furfura." Kika wuce kina dafa bango. Wasiƙa uku suka rubuto miki, kina kan gadon asibiti kina amsawa, ni kuma ina share musu ofis bakina a rufe.

Ina jin tsoro, Dakta. Bari in rubuta shi tunda ba na iya faɗa da baki. Shekarar da Earline ta hau matakalar nan ina da shekara goma sha uku. Ba a yi sati biyu ba mai gonar audugar da muke zaune a cikinta ya kore mu, aka farfasa mana tagogi da duwatsu, mahaifinmu bai sake samun aiki a gundumar ba. Kafin duk wannan ya faru, shiru ne ya fara zuwa. Maƙwabta suka daina gaisuwa da ƙarfi. Irin shirun nan nake ji yanzu a kwaleji. Malamai suna leƙa bayansu kafin su yi magana. Wata malama ta roƙe ni in kwashe mata littattafai daga kantar ofishinta in kai mata mota a cikin kwandon shara. Da, in abu ya taso, mukan ce a je wajen Dakta Vernice. Yanzu wajen wa za a je? In mota ta rage gudu a ƙofar gidana sai in leƙa ta taga. Shekara saba'in da biyu ban taɓa shiga bayan motar 'yan sanda ba, na kuma ga yadda ake fito da wasu daga ciki. Saura wata bakwai in yi ritaya. Mozelle ba ta iya tashi daga kujera sai na ɗaga ta.

Ranar Laraba da ta wuce Mista Hembree ya same ni a ɗakin ajiye tsintsiya ya ja ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, shi ma tsoron ne ke cin sa. Ya ce, "Cleo, za a rufe maganar hoton nan. Za a rubuta cewa tsohuwar shugabar ofis ce ta tafi da shi ba ta dawo da shi ba. Za a aika wa mijinta takarda, in bai kawo ba 'yan sandan kwaleji su je gidan su tambaya, shi ke nan. Kai dai ka ci gaba da shararka." Na ce, "Amma ai..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Ban ji ba, kada kuma ka sa in ji. Mamaci ba a korarsa daga aiki, tsoho."

Kwana huɗu ina juya maganar. Gaskiya ya faɗa, ba a korar mamaci. Amma ana rubuta masa ɓarawo a fayil, kuma fayil ba ya ruɓewa sai an kai shi ɗakin ƙasa. Sun cire sunanki daga ƙofa da hannuna, sun cire aikinki daga takardar jana'izarki. Abin da zai rage a rubuce game da ke a wannan makaranta shi ne kin saci hoto. Kuma Alton mijinki, da ko furannin kabarinki ba su bushe ba, ya buɗe ƙofa ya ga ɗan sanda yana neman abin da bai san da shi ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zan ba Fasto takardar nan ya buga a jaridar coci ta ranar Lahadi, na kuma san matar Mista Hembree tana karɓar kwafi wajen maƙwabciyarta. To kowa ya karanta. Dakta Vernice Tolliver ba ta ɗauki komai ba. Ni Cleophus Gaddis na ɗauki hoton, yana bayan kabad ɗin ɗakin kwanana, a bushe, ko tsaga babu a gilashin. Ranar Litinin da ƙarfe takwas zan kawo shi. Abu ɗaya nake roƙo, kada a mayar da shi ɗakin ƙasa. Sauran abin da za ku yi da ni, ku yi.

Allah ya jiƙanki, 'yata. Ubangiji ya gafarta miki kurakuranki, har da ƙaryar da kika yi domina, ya ɗora mini nauyinta. Ya sa kin huta daga ciwo da wasiƙu, ya haskaka makwancinki, ya karɓe ki a gidan da ba a kankare suna daga ƙofa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ɗan'uwa Alton, da 'yarku Renita, da mahaifiyarki Mama Ozella da ta binne 'yarta tana da shekara tamanin da shida. Allah ya ba ku haƙurin da ni ban da shi. Alton, ka yafe mini wata ukun da na yi shiru.

In kin ga Earline ki gaya mata ƙaninta yana tafe da hotonta ranar Litinin. Ta ƙofar gaba zan shiga. Kada ki yi dariya.