Mai Murfi

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya ƙare rayuwarsa yana yi wa shara ɗaki. Haka shi da kansa yake faɗa, kuma ba da dariya ba. A layin maƙera ba wanda ke kiran sunansa na yanka, Mai Murfi ake ce masa.

Kakanmu masaƙin kwando ne. Da kaba yake saƙa shi, mai faɗin baki, a ajiye bayan ƙyaure a riƙa zuba ɓawo da toka. Sai dai kwandon ba ya shiri da danshi. Damina ɗaya gindinsa ya ruɓe, ka ɗaga shi ya bar maka sharar a ƙasa, kaji su tone, ɓera ya tare a ciki da iyalinsa. Kawu yana saurayi ya ce ya gaji da saƙa abin da ruwa zai cinye. Tsoho ya yi fushi, aka daɗe ba a ga maciji da juna. Shi kuwa ya koma wajen masu ƙirar gwangwani, ya koyi yanka durom da naɗe bakinsa yadda ba zai tsaga hannu ba.

Nasa kwandon na ƙarfe ne, da hannu biyu, da zobe a gindi don kada ya zauna cikin ruwa tsatsa ta ci shi. Ya yi masa murfi. Da ya ga murafan suna ɓacewa, mata suna mayar da su faranti na shanya, sai ya ɗaure kowanne da 'yar sarƙa. Daga nan sunan ya kama shi.

Matarsa, da muke kira Iya, ta faɗi wata safiya a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. A ɗakin da aka kwantar da ita a asibiti Kawu ya ga wani farin kwando: ma'aikaciya ta taka shi da ƙafa, murfin ya ɗaga da kansa. Ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinsa har aka ce ya fita za a yi allura.

Da suka dawo gida, Iya ta ƙi yarda a mayar da ita kayan ɗaki. Tana jan ƙafa ta yi shara da hannun hagu, amma in ta riƙe abin kwasa ba ta da hannun ɗaga murfi. Takan tsaya a gaban kwandon har wani ya zo wucewa ya ɗaga mata. Wannan tsayuwar ce ta hana Kawu sakat. Ya samo fedar keke da sandar birki, ya yi ta gwaji a shago. Na farko ya ƙi buɗewa. Na biyu in ya rufe sai ka ce an jefar da tasa. Da ya dace, ya kawo shi tsakar gida ya ajiye a gabanta. Ta dafa bango, ta taka da ƙafarta mai lafiya, murfi ya tashi.

"Malam," ta ce, harshenta na sarƙewa, "wannan ai ya fi ni lafiya. Da an taɓa shi yake buɗe baki."

Maƙwabta suka gani, kowa na so. 'Yan shekaru aka yi guduma ba ta hutawa a shagon.

Sai roba ta shigo. Ja, shuɗi, kore, mara nauyi, ba ta tsatsa, ga araha, har da mai feda. Kawu ya ɗaga kwandon roba ɗaya da yatsa biyu ya ce rana za ta fasa shi kafin shekara. Rana ta fasa shi kuwa, mutane suka jefar suka sayi wani. Ba wanda ya dawo layin maƙera. Har 'yarsa, da za ta tare, ta roƙi mahaifiyata ta lallashe shi kada ya sa na ƙarfe cikin kayanta, ƙawaye za su yi mata dariya. Ya mayar da kwandon shago.

Iya ta rasu a shekarar. Guduma kuma ta riga ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Ya koma liƙin roba da ƙarfe mai zafi, hayaƙin yana shiga ƙirjinsa. Zuwana na ƙarshe na same shi da wata mata ta kawo kwando tsagagge tun daga baki har gindi. Ya gaya mata liƙin ba zai riƙe ba. Ta ce ya dai yi. Ya hura gawayi ya yi, yana tari, bai dubi aikin ba da ya miƙa mata.

Tarin ne ya tafi da shi. Ba wanda ya nemi kayan aikinsa, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe. Yanzu ana cajin waya a shagon. Mahaifiyata in za ta kasuwa takan zagaya ta bayan layin, ko da kuwa ƙafarta na ciwo.