Mai Totuwa Ta Tafi

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina wanke kwalaben gwaji ƙanwarki ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya ta cika." Na zauna a kujerarki, famfo yana ta zuba, na kasa tashi in kashe. Mu na Allah ne, wurinSa kuma za mu koma.

Shekara goma sha ɗaya muna teburi ɗaya a ɗakin gwajin ruwa. Tun ranar da wata mata ta shigo da jarkar ruwan rijiyarsu, ya yi shuɗi saboda dattin masana'antar rini, ga 'yarta a goye jiki duk ƙuraje, ba ki sake samun sukuni ba. Matatar ruwa ta kanti ta fi ƙarfin mutanen unguwar. Sai kika koma ga abin da manoma ke zubarwa: totuwar masara, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa. Kika mai da su gawayi, kika daka, kika jera a bokiti tsakanin yashi da tsakuwa.

Mun sha yi miki dariya. Ni na laƙaba miki Mai Totuwa, don bayan motarki kullum cike yake da ita. Kikan ce, "Ku dara, wata rana za ku roƙe ni kofi ɗaya." Sau goma sha bakwai gwajin yana ƙi. A na sha takwas ruwa ya fito garai, na'ura ta tabbatar dafin ya fita. Ko abinci ba ki tsaya ci ba, kika rungumi bokitin sai gidan matar nan. Da aka ba ki shawarar ki sayar da dabarar, cewa kika yi, "Totuwar ma kyauta aka ba ni." Gida-gida kika bi kina koya wa mata.

Ƙawata, ina kewarki. Farar rigarki mai ƙuna a hannu tana nan rataye bayan ƙofa. Jiya mai injin casar shinkafa ya kawo buhu biyu na ɓuntu kamar yadda ya saba, yana tambaya ina Malama. Na karɓa, na yi godiya, sai da ya kai bakin titi na iya kiransa na faɗa masa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki da maigidanki da 'ya'yanki uku. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya ba ni.