Ranar da "Mhm" Ta Kusa Kai Kwamfutoci Goma Suame

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin ƙarshen dogon hutun bara ba, ranar da na zauna daɓas a kan kwamfuta don kada a tafi da ita Suame, unguwar makanikai da masu fasa tsofaffin ƙarafa. Ku sababbin 'yan koyo da kuke tambaya me ya sa aka kankare rubutun da ke bangon shago, ku matso. Ni Hamdiya ce na jawo aka kankare shi, kuma ko kaɗan ba na jin kunya.

Ga yadda shagonmu na gyaran kwamfuta a unguwar Asawase yake, saboda wanda bai sani ba. Masta Awudu ne mai shago. Ƙarƙashinsa akwai Bra Bashiru, shi ne Sinia, wato babban ɗan koyo. Sai mu sauran. A lokacin shekarata sha shida, kuma ban daɗe da samun izinin taɓa manhaja ba. Kafin nan aikina hure ƙura ne daga cikin injina, har na fara tari irin na tsoffin Suame.

Makarantar da na yi firamare, wata Islamiyya a bayan kasuwa, ta samu kyautar tsofaffin kwamfutoci goma daga wani ofis. Sai dai kafin a bayar an cire faifan ajiya na kowace. Shekara guda suna jibge a ɗaki, gizo-gizo har ya yi jikoki a cikinsu. Hajiya Salamatu, shugabar makarantar, wadda ta sa ni durƙuso saboda surutu ya fi sau dubu, ta gaji. Ranar Litinin za a koma karatu kuma tana bukatar ɗakin. Ta ce ko dai su yi aiki yara su koya, ko kuma Wofa Kwaku mai kwasar tsofaffin ƙarafa ya zo ya ɗebe su ranar Alhamis bayan La'asar.

Masta ya ce akwai dabara. Kwamfuta marar faifai tana iya tashi ta kebul ɗin itanet, wayar nan da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta. A ajiye babba guda ɗaya mai faifai, ƙananan goma su riƙa janyo komai daga wurinta. Abin da ake bukata shi ne a haɗa musu kanel nasu. Kanel shi ne zuciyar Linux, shi ne abu na farko da ke tashi, kuma kowane ƙarfe a cikin kwamfuta yana da ɗan shirin da ke tuƙa shi, ana ce masa direba. Katin netwok, inda ake soka kebul ɗin, shi ma da nasa direban.

Masta da Sinia suna da wani aiki a Kwadaso a makon nan. Kafin Masta ya rufe baki na ce ni zan yi. Na je har ofishin Hajiya na buga ƙirji, na ce kafin Alhamis kwamfutocin nan za su gaishe ta da Larabci.

Ana haɗa kanel ne ta wani allo shuɗi, a rubuta make menuconfig ya buɗe. Tambayoyi ne a ciki sun fi mutanen kasuwar Kejetia yawa, kuma kowace amsa uku take karɓa: y, m, ko n. Masta yakan ce y ita ce "yoo" ta Asantawa, irin "to" ɗinmu, wato abin ya shiga cikin kanel a tafi tare. N kuwa a'a ce. Ita m ita ce "mhm" ɗin da kake yi wa goggo in ta aike ka kana cin wake: ka ji, amma kana nan zaune sai an sake kira. Direban da aka ba m ba ya cikin kanel, yana zaune a faifai sai an neme shi. Bra Bashiru kuwa ya rubuta doka da babban alƙalami a bangon shago: IN KA YI SHAKKA, SA M. Da dokar nan muka tashi, kuma a kwamfuta mai faifai ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ranar Talata na zauna a ɗakin makarantar na bi tambayoyin. Ni kuwa shakka ta yi mini yawa. Na yi ta zuba m kamar mai zuba gari a kan wake.

Ranar Laraba na kunna ta farko. Ta karɓi kanel ta kebul lafiya lau, rubutu ya fara gudu, na fara rawa. Sai ta tsaya cak, ta yi ta jira, daga ƙarshe ta rubuta cewa kanel ya firgita, bai ga inda zai ɗauko sauran kayansa ba. Na canza kebul. Na canza kwamfuta. Na hure ramin kebul, na yi masa addu'a. Duk goman amsa ɗaya suka ba ni, kamar sun yi taro tun kafin in zo.

Alhamis da Azahar ina nan ina gumi sai ga Hajiya, ta tsaya a bakin ƙofa da carbinta.

"Hamdiya, ina gaisuwar Larabcin?"

"Mma Hajiya, saura kaɗan. Direba ne bai zo ba."

"Wane direba kuma? Mota na saya?"

Na yi mata bayani da sauri, don in burge ta. Ta kalle ni irin kallon da take yi in mutum ya tsallake aya.

"Tsaya. Shi direban yanzu yana ina?"

"Yana cikin faifan babbar kwamfuta."

"Ƙananan ta ina za su kai wurinsa?"

"Ta kebul."

"Wa zai tuƙa su ta kebul ɗin?"

Na buɗe baki.  

"Direban," na ce, da muryar da ko sauro ya fi ta ƙarfi.

"To. Kin bar direba a Kejetia, trotro, motar hayar, tana Asawase, kina jira ta je ta ɗauko shi. Shekara shida ina faɗa miki ki riƙa jin abin da bakinki ke faɗa."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige da takalmina. Amma babu lokaci. Na buɗe allon shuɗi, na shiga sashen direbobin itanet, na nemo namu, ga m ɗina zaune tana murmushi. Na danna y. Wani ɗan akwati ya fito da Turanci, m ta dawo. Na sake dannawa. Ta dawo. Na danna da babban yatsa, na danna da hannu biyu. M ta ce nan ne gidan ubanta.

Na kira Bra Bashiru a waya. Ya ce, "Chale, in ya ƙi y, bar shi a m mana, ai doka ce." Na ji muryar Masta daga nesa yana cewa a ba shi wayar.

"Hamdiya, in kin danna y, yana rubuta wani abu?"

"Yana rubutawa, Masta."

"Me ya ce?"

"Ban karanta ba, rufewa nake yi."

"Karanta." Ya kashe waya.

Daidai nan na ji ƙarar aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a tsakar makaranta. Wofa Kwaku ne, ya zo tun kafin a kira La'asar. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa a wurinsa namiji ne. Ya leƙo ya ce, "Hajiya ya ce in kwashe. Yarinya, kai ka tashi."

"Wofa, mepa wo kyɛw, don Allah, La'asar aka ce!"

"Ni na fara da biyu, kai ka yi wasa da sauran."

Ya sungumi biyu ya fita. Ni kuwa na karanta akwatin. Cewa yake wannan direban ya dogara da wani abu da aka ba m, saboda haka shi ma dole ya zauna a m. Na danna alamar tambaya, shafin bayani ya buɗe, can ƙasa ga jerin abubuwan da direban ya dogara da su. Kowanne da y a gabansa, ban da guda ɗaya. Agogo! Wani agogo ne da ke daidaita lokacin saƙonni a kan kebul. Na tuna shi sarai. Ranar Talata na ce ina ruwan kebul da agogo, na manna masa m na wuce. Ashe shi ne met ɗin direban, wato yaron motarsa. Direba ba zai shiga mota ya bar met ɗinsa a gida yana "mhm" ba. Abin da ya fi ba ni haushi, bayanin ya nuna cewa ko a'a na ce wa agogon tun farko, da direban ya tafi shi kaɗai ba gardama.

Na nemo agogon na ba shi y. Na koma kan direba na danna y. Tauraro, alamar y a allon, ya fito ya zauna. Na ajiye, na sa babbar kwamfuta ta fara haɗawa. Aikin kusan rabin awa ne.

Wofa ya dawo ɗaukar ta uku. Nan ne na haye kanta na zauna na naɗe ƙafa.

"Sai dai ka kai ni Suame tare da ita, Wofa. Kuma ni ba a auna ni a sikeli."

"Ei, wannan yarinya! Hajiya, ɗanka ya hau kaya!"

Hajiya ta dubi agogon hannunta ta ce, "Ba a kira salla ba tukuna, Kwaku. Zauna, a kawo maka sobolo, zoɓo mai sanyi."

Ya sha kofi ɗaya. Ya sha na biyu. Rubutu yana ta gudu a allo. Ladan ya taɓa lasifika, kun san 'yar ƙwanƙwasawar nan da suke yi kafin su fara, daidai lokacin haɗin ya ƙare. Na kwafe sabon kanel zuwa inda ƙananan ke ɗauka, na sauka daga kan kujerata mai daraja, na jona ta, na danna.

Rubutu ya gudu. Ya iso wurin da yake tsayawa. 'Yar fitilar da ke ramin kebul ta ƙifta kore, ta sake ƙiftawa, rubutun ya wuce abinsa. Allo ya yi haske, ga wurin rubuta suna.

Ihun da na yi, an ce har masu sayar da doya a kasuwa sun waiwaya. Na bi sauran bakwai ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, duk suka tashi. Wofa ya ajiye kofi, ya fita ba wanda ya aike shi, ya dawo da biyun a kafaɗa. Shi da kansa ya riƙe mini kebul na jona su. Ya ce, "Wannan ƙarfe bai mutu ba. Yarinya, kai ka iya." Goma cif.

Washegari Masta ya ba Bra Bashiru soson ƙarfe ya nuna masa bango. Bra Bashiru ya karɓa ya hau kankarewa.

Abin da na ɗauka a aikin nan shi ne, inji ba ya ɓoye damuwarsa. Yana rubuta ta a gabanka, mu ne muke rufe akwatin don sauri. Kuma wanda bai san kwamfuta ba yana iya yi maka tambayar da ta fi ta Sinia. Sannan "mhm" ba amsa ba ce, ajiye rigima ce zuwa ranar Alhamis.

Da zan tafi a Alhamis ɗin nan, Hajiya ta tsayar da ni a ƙofa ta ce tunda na tashe su, sai in riƙa zuwa duk Asabar ina koya wa 'yan aji shida. Ni da na saba, sai na ji bakina ya ce, "Mhm."

Ta ɗaga gira. "Wanne daga ciki?"

"Yoo, Mma Hajiya. Yoo."