Haƙoran Ɗan Yayata

Yana da shekara uku aka kawo shi Tawa daga Barmu, shi da uwarsa, wato yayata, da kakarsa ta wajen uba. Ni na tarbe su a tasha. Ba ya tafiya, ba ya zama sai an tallabe shi, kuma leɓensa na ƙasa ya tafi kusan rabi. Shi ya cinye abinsa da haƙoransa. Hannayensa a ɗaure suke da tsumma a jikinsa.

Na ce, "Yaya, wata nawa kina kallon wannan?"

Surukarta ce ta amsa.

"Rashin ji ne, ɗiyata. Mun shafa mishi maɗaci ga yatsu, kamar yadda ake yi ma mai tsotson hannu. Har barkono mun sa."

"Barkono a kan ciwo, Inna?"

"To mi za mu yi? Ku 'yan lakwal masu boko baki gare ku."

Tun yana jariri Yaya take ganin wani abu ja-ja kamar yashi cikin tsumman fitsarinsa. A gidan, kowa ya ce ƙasar tsakar gida ce, ita ce ba ta kula da shi. Yaron da ko rarrafe bai yi ba, ina ya ga ƙasa?

Daga Tawa aka tura mu Yamai, aka ɗebi jininsa aka aika waje. Muka dawo, muka jira watanni, muka koma. Ni ke shiga gaba, don ni ce mai jin Faransanci. Likitar, wata mata mai furfura, ta ari tasbahar Yaya ta shimfiɗa a tebur. Ta ce cikin jiki akwai wani ɗan ma'aikaci da ake kira enzim, aikinsa ya tsince ragowar wani sinadari mai suna purin ya mayar da shi aiki. Shi wannan ma'aikacin jeren ƙwayoyi ne sama da ɗari biyu, kamar tasbaha. Ta kama ƙwaya guda.

"A jikinsa wannan ɗaya ce ta canza. Shi ke nan, aikin ya tsaya."

Ragowar da ba a tsince ba ita ke taruwa ta fito kamar yashi a fitsari. Wannan akwai ƙwayar maganinsa. Cizon kuwa daga ƙwaƙwalwa yake, ba shi da magani, kuma ba da son yaron ba ne. In ana son ya tsira da sauran leɓensa da harshensa, sai a cire masa haƙora.

Na fassara musu yadda aka faɗa, ban sa zuma ba. Yaya ta ɗauki tasbaharta tana dubawa. Inna ta miƙe.

"Haƙori lahiya lau a cire? Da raina, a'a."

Uban yaron yana Abijan wurin nema. Ya aiko da murya ta waya: a bi abin da Inna ta ce.

Mako biyu muna ja a gidanmu a Tawa, leɓen yana ƙara guntulewa. Wata rana da hantsi Inna ta sake cewa da an bar shi da ita da ta hore shi. Raina ya ɓaci. Na durƙusa na kwance masa hannun dama.

Ihu ya fasa tun kafin in gama. Yana kallon hannun nasa kamar maciji ne aka aje masa.

"Ɗaure! Anti, ɗaure!"

Hannun ya tashi zuwa baki, yana kuka yana kau da kai. Ina iya riƙewa. Ban riƙe da wuri ba, don ina son tsohuwar ta gani da kyau. Ya datse ɗan yatsansa har jini ya ɓata min zane. Har yau in ya ce min Anti sai na tuna.

Inna ta cire kallabinta ta ɗaure hannun da kanta. Ba ta kalle ni ba. Da la'asar ta ce ma Yaya, "Ku kai shi."

Aka cire. Suka ba mu haƙoran cikin auduga, ƙanana kamar tsabar shinkafa.

A wurinmu in yaro ya yi famfara, jefa haƙorin ake yi bisa ɗaki, a ce masa ya rufe baki kada ƙadangare ya gani, don in ya gani sabo ba ya fitowa. Da muka dawo gida Inna ta miƙo hannu a ba ta ta jefa. Yaya ta ƙi. Likita ta riga ta gaya mana cewa wajen shekara shida manyan za su fito, a sake komawa a cire su.

Washegari na iske Yaya a bayan ɗaki. Ta jera haƙoran ɗaya ɗaya a kan katanga, inda ƙadangaru ke shan rana, ta goyo yaron a gefe, fuskarsa ga katangar. Na buɗe baki in ce mata wannan camfi ne. Na rufe. Na matsa baya don kada in kori ƙadangarun.