Inna Kulu da Ajin Raino

Ina tsakar share ɗakin ƙananan yara a makarantarmu ta Gulma da safe wayata ta yi ƙara. Bello ne, babban ɗan Malama Hauwa'u, wadda kowa ke kira Inna Kulu. Da ƙyar ya iya cewa, "Malama Asabe, Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna bisa tabarmar yara da tsintsiya a hannu, na yi kuka har na gode Allah.

Ita ta koya mini karatu ina yarinya, ita kuma ta jawo ni aikin koyarwa. Ba mace ba ce mai sauƙi, kada in yi mata ƙarya bayan ranta. Idan malami ya ɗaga wa yaro bulala, kallo ɗaya take yi masa ya rasa inda zai ɓoye ta. Amma kullum akwai ƙuli-ƙuli a jakarta saboda wanda ya fito gida bai karya ba.

Bayan ta yi ritaya, abu ɗaya ya hana ta barci. Lokacin dashen shinkafa, iyaye kan tafi fadama da yaran da ba su isa shiga firamare ba, su ajiye su a bakin ruwa, rabin hankali ga aiki, rabi ga yaro. Ta roƙi ɗaki ɗaya a makaranta, ta tara su. Muna waƙa, muna ƙirga da tsakuwa, muna wanke hannu kafin cin abinci. Ba albashi, ba kayan wasa, rufin ma yoyo yake. Takan ce, "Sadaka tana gajiya, Asabe. Abin ga sai gwamnati ta ɗauke shi, in ba haka ba ranar da nim mutu shi ma ya mutu."

Daga nan ta zama 'yar hanyar Argungu da Birnin Kebbi, ofis-ofis, da ciwon gwiwarta. A wani zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, wani jami'i ya ce mata cikin ladabi, "Hajiya, wanga ai raino ne, ba karatu ba. Raino aikin gida ne."

Na zaci za ta fashe. Sai ta yi murmushi ta ce, "Awo, ɗana, raino ne. Kai ɗan ina ne?"

"Ambursa."

"To, tsohonka in zai noman shinkahwa, mi yaka fara yi kahin dashe?"

Ya ce, "Rainon iri."

"Madalla. Ka taɓa jin ya ce shi ba ruwanshi da raino, sai dashe kawai?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da jami'in, ya ce ta kama shi. Tun daga ranar muka daina jin nauyin kalmar. Da kanmu muka rubuta "Ajin Raino" a ƙofar ɗakin, shi kuma mutumin ya zama mai shigar mana da maganar inda ba ma iya shiga.

Ba ta ga ƙarshen abin ba. An yi mana alkawarin ɗaukar malamai da gyaran rufi, har an zo an duba ɗakin, amma ba a sa hannu ba tukuna. Wannan ya yi mini ciwo, na kuma ji tsoron maganarta ta tabbata. Sai ga shi a zaman makoki matan unguwa sun kewaye ni. Wata mai sayar da kifi ta ce, "Malama, yaushe muka komawa Birni? Mun iya hanya yanzu." Mijin Inna Kulu, Malam Garba, ya aiko a gaya mana kada mu kuskura mu rufe ajin don makoki. Washegari muka buɗe, yara suka cika ɗakin.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Hauwa'u, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Malam Garba da Bello da ƙannensa haƙurin wannan rashi. Ka tausasa zukatan masu sa hannu. Mu kuma ka ba ƙafafunmu ƙarfi, don mako mai zuwa za mu Birnin Kebbi, karon farko ba tare da ita ba.