Malam Badaru, Wanda Ya Koya Mana Kashe Inji Kafin Tayarwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 10 ga Nuwamba 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Badaru Sifawa, makanikin injin niƙa, a gidansa da ke Boɗinga, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura bayan Azahar.

Labarin ya iske ni a Shagari, Malam, ina tsaye cikin sabuwar rumfar da na gina don koyar da sana'a, ina nuna wa mai fenti inda zai ja jan layi a ƙasa, layin da mai kawo niƙa ba ya tsallakewa. Layin nan ma kai ka koya mini shi. Mun yi da kai ranar Asabar za ka zo ka karɓi sababbin ɗalibai, maza da mata, ka ba su darasin farko. Da na ajiye waya, bayan salati, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: to wa zai gaisa da su?

Wanda bai san ka ba zai ce wace irin tambaya ce wannan. Bari in yi masa bayani.

Ni Ɗahiru, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, kuma ban gaji ko buhun dusa ba. Yau ina da injuna a Shagari da Mandera da Boɗinga, mutane suna cin abinci a ƙarƙashina. Ba na jin kunyar faɗa, don da hannuwana na yi. Amma hannuwan da na yi aikin da su, kai ka tsare mini su.

Ranar da na fara zuwa wurinka ka miƙo mini hannun dama. Na kama, na ji abin da ban taɓa ji ba: babban yatsa da manuni ne kawai, sauran wurin sumul. Na so in zare nawa, ka riƙe. Ka shiga gaisuwa irin ta mutanenmu, wadda ba ta ƙarewa. Ina kwana, ina gajiya, ina mutanen Mandera, ya tsoho, ya tsohuwa, ya damina ta bar ku, har dabbobin gidanmu sai da ka tambaya, hannuna yana cikin naka yana zufa. Sannan ka ce, "Ka ji abin da kar riƙa? Sauran ukun suna ga bel. Yac ce in riƙa aiko mai da wasu, ni ko nic ce ba daga wurina ba."

Kana saurayi ne a Sakkwato bel ɗin inji ya zame, ka kai hannu ka mayar da shi alhali inji yana gudu. Ba ka taɓa ɓoye hannun nan cikin aljihu ba. Da shi ka karɓi duk wanda ya zo koyon aiki. Mata kuwa, tun da ba ka musabaha da su, sai ka ɗora shi a kan buhu, ka ce su duba da kyau, ba ka sauri.

Bayan gaisuwa sai abin da ya sa 'yan gari suka raɗa wa rumfarka suna makarantar kashe inji. Sabon ɗalibi ba ya tayar da inji, ba ya zuba hatsi, ba ya taɓa gari. Ƙarfen nan da ke yanke wa inji mai za ka nuna masa, ka tsayar da shi kusa. Kai ka tayar, ka tafi harkarka. Ana cikin hira, ko mutum ya kai loma baki, sai a ji ka ce, "Kashe." Wanda ya tsaya waige ya koma farko. Wani lokaci ka jawo masa hula ta rufe ido, ka ce ya nemo ƙarfen haka nan. Sai ranar da ka ga hannunsa yana riga tunaninsa isa, sannan ka nuna masa tayarwa.

Ga kuma ƙusar nan ta bakin ƙofa. Duk mai babbar riga ko doguwar taguwa a nan yake rataye ta, ko wane ne. Na ga wani mai sarauta ya tsaya yana kallonka, yana jiran ka ce ban da shi, ka durƙusa ka kwashi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ka ce, "Ranka shi daɗe, ni na san ka, inji na bai san ka ba." Ya yi dariya ya tuɓe. Silifa ba ta shiga. Hatsi in ya maƙale a bakin inji da sanda ake tura shi. Kai ka fara sa mu ɗaura takunkumi saboda ƙurar gari, muna gunaguni wai zafi, ka ce to mu je mu saurari tarin tsofaffin masu niƙa na kasuwa mu dawo. Jarkar mai tana can nesa da salansa, bututun da hayaƙin inji ke fita, bokitin rairayi yana kusa da ƙofa, kuma wanda ya zubar da rairayin nan don ya ɗebi ruwa da bokitin, ranar zai san kana da faɗa.

Yanzu ga abin da har yau ban manta ba.

Lokacin da na buɗe injina na Boɗinga na roƙe ka ka riƙa horar mini da ma'aikata a can. Cikinsu akwai Mode, manomin albasa daga Dingyaɗi, magidanci mai furfura, wanda ruɓewar albasa ta koro daga fadama. Mode ya gaji da tsayuwa gaban ƙarfe. A gabana ya ce maka, "Malam, gemuna ya yi hwari. Na baro gona in koyi niƙa, kullum kashe, kashe. Yaushe za ni tashe shi?"

Ka ce, "Tayarwa ko jakinka na iyawa in an gwada mai. Koma wurinka."

Ya koma yana ƙunƙuni. Ba a jima ba 'yata Rahinatu, tana amarya lokacin, ta kawo niƙan dawa. Wurin babanta ne, ba ta ga dalilin tsayawa bayan layi ba. Ta tsallaka, ta sunkuya ta gyara kwaryarta. A lokacin ba mu fara rufe bel ba. Gefen dogon hijabinta ya taɓa shi, ya fizga. Ina ofis na hango kanta ya yi ƙasa. Kai kana waje kana wanke hannu. Babu wanda ya ce kashe. Kafin muryata ta fito, ƙarar inji ta mutu. Mode ne. Mutumin da bai san komai a sana'ar nan ba sai abu ɗaya, kuma abin nan ɗaya ake nema.

Da almakashi muka yanke hijabin daga wuyanta. Ta tashi da ƙujewa a haɓa, ba wani abu. Mode ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa kamar na aro. Kai kuwa ba ka ce wa kowa ai na faɗa ba. Ka kwance yagaggen hijabin daga jikin bel, ka ninke, ka tafi da shi. Kafin mako ya zagayo ka ƙera kejin waya ka rufe kowane bel da ke wurina, ka bi sauran masu injuna har Sifawa kana yi musu, wanda ya ƙi ka zauna masa a ƙofa har ya yarda. Rahinatu da kanta ta dawo ta ce za ta koyi aikin. Ka sa aka ɗinka mata gajeren hijabi mai shiga cikin ɗamara, sannan ka tsayar da ita gaban ƙarfe kamar kowa. Yau ita ke riƙe da ɓangaren markaɗe na mata.

To ka ga dalilin tambayata. Bayani kowa yana iya yi. Ni ma na iya. Amma ni yatsuna goma, in na ce wa matashi bel yana cin hannu, zai ce to, ya manta kafin ya kai ƙofa. Darasin yana jikinka ne, mun kuwa binne shi ranar Litinin. Har na yanke shawara in sallami ɗaliban nan su koma gida, don ba zan tsayar da ɗan kowa gaban inji da rabin horo ba.

Sai ranar addu'ar uku. Ƙofar gidanka ta cika, masu niƙa da makanikai daga Shagari, Dingyaɗi, Mandera, wasu har daga Sakkwato, galibi waɗanda suka taɓa riƙe hannun nan naka. Liman ya ce a ɗaga hannu. Allah ya yafe mini, ni dai idona bai rufu ba. Na bi sahu da kallo, tabarma bayan tabarma. Malam, ko hannu ɗaya babu giɓi. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kwana suna tashi da bel, kowa da yatsunsa cif, ya buɗe su yana roƙa maka gafara. Wallahi a wurin makoki nake, amma murna ce ta cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa ta. Na taɓa Mode da ke gefena na ce ya duba. Ya duba, ya sunkuyar da kai.

Da za mu tashi, mai ɗakinka Inna Altine ta aiko a kira Rahinatu cikin gida. Ta fito da ƙunshi. Hijabin nan ne, da baƙin mai a jikinsa, ashe yana cikin akwatinka tun ranar. Inna ta ce mata, "Ɗiyata, ke mai shi, kin fi ni sanin amfaninai."

Ranar Asabar ban sallami kowa ba. Na rataye rigata a ƙusa, na shiga rumfata da singileti kamar yadda na fara. Rahinatu ta shimfiɗa hijabin a kan buhu, ta ɗaga haɓarta ta nuna tabon, ta ce kowa ya zo ya taɓa inda ya yage, ba ta sauri. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, doguwar gaisuwa, har kaji sai da ta tambaya. Sannan Mode ya tayar da inji, ya tsayar da na farko gaban ƙarfe, ya juya baya yana ba ni labarin farashin albasa. Can tsakiyar magana ya ce, "Kashe." Yaron ya waiga. Mode ya ce, "Koma farko." Da muryarka ya faɗe ta, har da ɗan tarin da kake yi in za ka faɗe ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Altine, da 'ya'yanka da jikokinka, da mutanen Sifawa da Boɗinga, da duk mai cin abinci da hannun da ka tsare masa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Allah ya jiƙanka, Malam Badaru, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowace loma da waɗannan hannuwa za su kai baki ta zama sadaka mai gudana gare ka. Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka, ya mayar maka da yatsunka uku a can. In mun cika da imani muka iske ka, ka miƙo mana shi cikakke, kuma ka riƙe yadda ka saba. Wannan karon babu wanda zai so ya zare.

Alhaji Ɗahiru Mai Inji, Shagari