Lahadin da shanunmu ba su sha ruwa ba

Duk lokacin da anka yi zaɓe, sai in ji rediyo ta tara masu ilimi suna bayanin abin da ya sa jiha kaza ta fito ƙwai da kwarkwata, jiha kaza kuwa ba kowa. Wannan ya ce jahilci ne, wancan ya ce talauci, wani ya ce mazan sun tafi cin rani. Ban ce ƙarya suke ba. Amma wallahi raina yakan ɓaci, don ban taɓa jin ko ɗaya ya tambayi ranar da shanun mutane ke shan ruwa ba.

Mu makiyaya ne, zangonmu na can bayan Karofane, wajen da duwatsu sunka fi gonaki yawa. In rani ya yi nisa, rijiya guda ce gare mu, mai zurfin tsiya, takarkari ke jan wasaki, wato babban gugan fata. Gidaje da yawa, ruwa kaɗan, shi ya sa anka raba kwana: yau ku sha, gobe ku haƙura. In ka makara a ranarka, wani ya ɗaura igiyarshi, kuma ba ka da ta cewa. Manoman cikin gari kuwa, hatsi na rumbu, lakwal ɗin da ake zaɓe, wato makarantar boko, na ƙofar gidansu. Mutum ya jefa ƙuri'a ya dawo kununshi bai huce ba.

Shekarar da na fara samun katin zaɓe, ciyawa ta ƙare da wuri. Shanu duk sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. A cikinsu akwai jar saniyata, ita kaɗai na mallaka a duniya. Uwarta Baba ya ba ni ranar sunana. Ciki gare ta, ya tsufa, ga ƙafafun baya suna rawa in ta tashi. Sai ga zaɓe ya faɗo Lahadi, ranar shanmu.

Baba ya ƙudura sai ya jefa. Dalilinshi shi ne burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, wadda kowace damina ake ƙara cinye ta. Ya kai ƙara gari, wani ya ce mishi: "Ku da ba ku zaɓe, wa zai ji ku?" Maganar nan ta zauna mishi a wuya. Sai ya roƙi ƙanenshi, Baffana, ya kai shanun bakin rijiya ya riƙe muna wuri. Mu je da asuba, mu jefa, mu dawo kafin rana ta yi zafi.

Munka isa lakwal gari bai gama wayewa ba. Ƙofa a rufe. Anka ce motar da ke kawo akwati da tawada ba ta zo ba, wai tana tafe. Tana tafe har hantsi, tana tafe har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Mutanen gari suna leƙowa su koma gida, mu muna zaune a rana.

Da motar ta zo, sai layi ya cika nan take, har waɗanda sunka fito daga ɗaka yanzun nan sunka shiga gabanmu. Na je wajen Baba a layin maza.

"Baba, mu tahi. Baffa shi kaɗai ba ya iya jan ruwa da tsaron shanu."

"Saura kaɗan," in ji shi.

"Wane irin kaɗan? Dubi mutane! Jar saniyar nan tun shekaranjiya rabonta da ruwa."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Koma layinki, ɗiyata. Yau sai sun ga hannuna."

Ban taɓa ɗaga mishi murya ba sai ranar. Na ce, "To, ni shanu sun fi mini takarda!" Na tsuke zane na kama hanya, ina tafe ina kuka don haushi. Ban jefa ba.

Ko da na iso, wani garke ya cika bakin rijiya. Baƙi ne, sun gangaro daga wajen Ibohamane, su ma dabbobinsu na tangaɗi don ƙishirwa. Baffa ya tsare wurin iyakar ƙarfinshi, amma ba a barin rijiya ba igiya alhali dabbobi na kuka. Ban ga laifinsu ba, ko mu ne haka za mu yi. Kafin su gama, ruwan ya koma laka. Na roƙi wata tsohuwa cikinsu, ta zubo mini ƙwarya guda. Jar saniyar ta shanye ta lashe ƙwaryar, ta bi ni da ido.

Baba ya dawo bayan la'asar, yatsanshi baƙi ƙirin da tawada. Ya dubi rijiyar, ya dubi shanun. Washegari ba ranarmu ba ce, amma maƙwabta sunka tausaya, sunka ce mu kawo su da marece. Muna kora su, a gangaren dutse saniyata ta durƙusa. Munka sa sanduna a ƙarƙashinta, ni da Baba da Baffa, munka ɗaga, ta sake zubewa. Na ruga na ɗebo ruwa a tulu, na zuba mata a baki, yana fita ta gefe.

Baffa ya ce, "Yaya, kada ta zama mushe."

Baba ya zaro wuƙa. Ya tsaya ya dube ni, don tawa ce, sai na yarda. Na gyaɗa kai. Ya juya ta gabas, ya dafa wuyanta, tawadar nan tana nan a yatsanshi ko dusashewa ba ta yi ba.

Da zaɓe na gaba ya zo, ba ranar shanmu ba ce, har moto, wato babur, anka aiko kyauta a ɗauke shi. Ni na shirya, na ce, "Baba, tashi mu tahi." Ya ce in je in jefa, shi ya riga ya biya nashi da saniyar ɗiyarshi. Har ya rasu bai ƙara taka ƙofar lakwal ɗin nan ba.